Amsoshin Tambayoyinku: Lambar Shedul da Kaurin Bututun Masana'antu

Wasiƙun da suka taru a wannan karo kusan dukkansu sun karkata ne ga abu guda, wato kaurin bututun ƙarfe da ake shimfiɗawa a masana'antu da matatun mai da tashoshin wutar lantarki, da kuma lambar nan da ake bugawa a jikinsa wadda masu sana'a ke kira shedul. Na taƙaita tambayoyin, na kuma haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne da ke sanin makamar aiki a wata masana'anta. A ɗakin ajiya na tarar da bututu biyu, ɗaya na inci 2, ɗaya na inci 6, kuma an rubuta SCH 40 a jikin kowannensu. Da na auna sai na ga kaurin ƙaramin bai kai milimita 4 ba, na babban kuwa ya haura 7. Bayan haka, na inci 2 ɗin ba inci 2 ba ne ta waje, ba kuma inci 2 ba ne ta ciki. Ma'aunin ne ya yaudare ni, ko kuwa masu rubutun ne suka yi kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ma'auninka lafiyarsa lau, kuma masu rubutun ba su yi kuskure ba. Abin da ake kira inci 2 suna ne kawai da aka laƙaba wa bututun, wanda a takardu ake rubuta shi da haruffan NPS. Faɗinsa ta waje milimita 60.3 ne, alhali inci 2 na gaskiya milimita 50.8 ne, kuma a shedul 40 faɗin cikinsa kusan 52.5 ne. Na inci 6 kuwa faɗinsa ta waje milimita 168.3 ne. Haka abin yake tafiya har zuwa inci 12, sai daga inci 14 zuwa sama ne sunan yake dacewa da faɗin waje daidai wa daida.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, faɗin waje ba ya canzawa komai shedul ɗin da aka zaɓa. Idan aka ƙara kauri, ta ciki ake ƙara shi, sai ramin ya ƙuntata. An yi haka ne da gangan, domin filanji (faifan da ake haɗa bututu biyu da shi da kusoshi) da maƙalai da injin yanka tiredi (zaren da ake murɗa bututu da shi) duk faɗin waje suka sani, saboda haka kayan haɗi iri ɗaya suna shiga bututun inci 2 ko da kaurinsa milimita 3.91 ne kamar na shedul 40, ko 5.54 kamar na shedul 80, ko 8.74 kamar na shedul 160.

Ita kuwa lambar shedul, ba milimita take ƙirgawa ba, ba kuma yawan matsin da bututun zai ɗauka take faɗa ba. Kafin zuwanta kauri uku kawai aka sani a Amurka, wato na yau da kullum, da mai ƙarfi, da mai ƙarfi ninki biyu, waɗanda har gobe ake rubuta su da STD da XS da XXS. A shekarar 1927 ne hukumar daidaita ma'auni ta ƙasar ta kafa kwamitin da aikinsa ya haifar da tsarin lambobin, daga 10 har zuwa 160. Tunanin farko shi ne lambar ta zama kusan abin da za a samu idan aka raba matsin da ke cikin bututu da ƙarfin jan da aka yarda ƙarfen ya ɗauka, sannan aka ninka sau 1,000. To amma da aka zo tsara jadawalin sai aka yi ta daidaita alƙaluman da kaurin da masana'antu suka riga suka saba yi, har dangantakar ta zama ta kusa-kusa kawai. Yau lambar adireshi ce a cikin jadawali: ka nemi girman bututu a gefe, ka nemi shedul a sama, inda suka haɗu nan kaurin yake. Jadawalin bututun ƙarfen kabon yana cikin ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyin injina ta Amurka, wato ASME B36.10M, na ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa yana cikin B36.19M.

Dalilin da ya sa babban ya fi kauri kuwa, ka ɗauka an tsaga bututu gida biyu a tsayinsa, kamar an raba gora. Matsin da ke ciki yana ƙoƙarin raba ɓangarorin biyu, kuma gwargwadon faɗin bututun gwargwadon ƙarfin turin, alhali ba abin da ke riƙe da su sai kaurin ƙarfen da ke gefe biyu. Wannan jan na kewaye ya ninka jan da ke bin tsayin bututun sau biyu, shi ya sa bututun da matsi ya fasa yawanci a tsaye yake tsagewa, ba gutsurewa yake yi kamar rake ba. Sai dai ƙarin kaurin da ke cikin jadawali bai tafi kafaɗa da kafaɗa da ƙarin faɗi ba. Sabon bututun inci 2 mai shedul 40, na ƙarfen kabon da ake kira A106 aji B, kafin a cire wa tsatsa rabonta, wato kaurin da ake warewa domin abin da za ta ci, lissafi yana ba shi kimanin bar 160 (bar ma'aunin matsi ne) a zafin ɗaki, amma na inci 12 mai wannan shedul ɗin bai cika bar 80 ba. Duk wanda ya ce maka shedul 40 yana ɗaukar matsi kaza, ba tare da ya ambaci girma da irin ƙarfe da zafi ba, bai faɗa maka komai ba.

Tambaya: Ni injiniya ce da ban daɗe da fara aikin zane ba. An ba ni layin inci 6 na ƙarfen A106 aji B marar ɗinki, matsin zane bar 60, zafi digiri 120 na Selsiyos, rabon tsatsa milimita 3. Lissafina ya ba ni milimita 6.6, na ga shedul 40 yana da 7.11, sai na zaɓe shi. Shugabana ya dawo mini da takardar ya rubuta "a sake dubawa", bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Ina na kauce?

Amsa: Malama, lissafinki daidai ne har zuwa inda kika tsaya, matsalar ita ce kin sauka saura taki ɗaya. Bari mu bi shi daga farko saboda sauran masu karatu. Ƙa'idar da ke mulkin bututun matatu da masana'antun sinadarai ita ce ASME B31.3, kuma ga abin da ta tanada domin miƙaƙƙen bututu mai matsi daga ciki, muddin kaurin bai kai kashi ɗaya cikin shida na faɗin ba:

t = PD ÷ 2(SEW + PY)

t shi ne kaurin da matsi ke bukata. P shi ne matsin zane, wanda ba matsin da geji ke nunawa a ranar da komai ke tafiya lafiya ba ne, a'a, shi ne mafi tsananin da layin zai iya gamuwa da shi tare da zafin wannan lokacin, misali sa'ad da aka rufe bawul alhali famfo yana ci gaba da turi. D faɗin waje ne. S shi ne haddin ƙarfen, wato iyakar jan da ƙa'ida ta yarje masa a wannan zafin. Ƙarfen A106 aji B ba ya tsinkewa ƙasa da megafaskal 415, ba ya kuma fara miƙewar da ba ta komawa ƙasa da 240, sai ƙa'idar ta ɗauki sulusin na farko ko kashi biyu cikin uku na na biyu, duk wanda ya fi ƙanƙanta, wato 138. E darajar ɗinki ce, kuma ga marar ɗinki 1 ce cif. W ba ta shigowa sai a zafi mai tsanani inda walda ke raunana da daɗewa, don haka a nan ita ma 1 ce. Y kuwa 0.4 ce ga irin wannan ƙarfe har zuwa digiri 482.

Bar 60 megafaskal 6 ke nan. Idan aka ninka 6 da 168.3 za a samu 1,009.8, a raba da 280.8, sai a tashi da milimita 3.6. Wannan shi ne kaurin da dole ya kasance yana nan a ranar ƙarshe ta rayuwar bututun. Aka ɗora milimita 3 na rabon tsatsa, ya zama 6.6, kamar yadda kika samu.

Ga inda gizo ke saƙa. Milimita 7.11 da ke cikin jadawali kauri ne na suna. Shi bututu marar ɗinki ana yin sa ne ta hanyar huda jan ƙarfe mai zafi a miƙar da shi, kuma ramin ba ya taɓa zama a tsakiya cif, wani gefen yakan fi wani kauri. Saboda haka ƙa'idar A106 ta yi wa masana'anta rangwame, cewa kaurin a kowane wuri yana iya gaza na suna da kashi 12.5 cikin 100, kuma ba wanda zai mayar musu da kayan. Ke nan abin da aka yi miki alkawari a shedul 40 shi ne 7.11 sau 0.875, wato milimita 6.22, ke kuwa 6.6 kike bukata. Ko kuma ki juya shi: ki raba 6.6 da 0.875, ki samu 7.54, sannan ki shiga jadawali ki nemi kaurin da ya kai wannan ko ya fi. A inci 6 babu shedul 60, daga 40 sai 80, mai milimita 10.97.

Abin takaicin, kuma shi ne ke sa sababbin injiniyoyi jin kamar ana yi musu ƙeta, da matsin bar 50 ne da shedul 40 ya wadatar, domin kaurin matsi zai zama milimita 3.0, da na tsatsa 6.0, kuma 6.22 ya rufe shi, ko da yake da ƙyar. Bar 10 kacal ya tsallakar da ke zuwa bututun da ya fi nauyi da rabi. A nan ne zuciya takan raya wa mutum ya rage rabon tsatsa zuwa milimita 1.5 domin alƙaluma su zauna. Lissafin zai zauna kam, amma ni ban yarda da wannan ba sai idan masanin ƙarafa ya dubi abin da ke gudana a cikin layin, da ruwan da ke tare da shi, da shekarun da ake so ya yi, ya ce milimita 1.5 ya isa. Rabon tsatsa kiyasi ne na abin da za a ci a kowace shekara a ninka da shekarun aiki, ba wurin neman cikon lissafi ba ne.

Tun da takardar ta dawo hannunki, ki duba abu biyu kafin ki sake miƙa ta. Na farko filanji, domin sau da yawa shi ne mafi rauni a layin, ba bututun ba. A ƙa'idar ASME B16.5 filanjin ƙarfen kabon mai aji 300 yana ɗaukar kimanin bar 51 ne a digiri 38, kuma yana raguwa idan zafi ya ƙaru, saboda haka layinki na bar 60 ya fi ƙarfinsa, a aikace aji 600 ake komawa. Na biyu, ki tabbatar digiri 120 ɗin shi ne iyakar zafin, har da lokacin da ake wanke layin da tururi. Haddin wannan ƙarfe yana nan kusan yadda yake har wajen digiri 200, daga nan ya fara gangarowa, kafin a kai digiri 427 ya sauka zuwa ɗan sama da rabi, kuma idan ya daɗe a sama da haka kabon ɗin da ke cikinsa yana iya rikiɗa ya raunana shi. Shi ya sa layukan tururi mai tsananin zafi suke komawa ga ƙarfen da aka gauraya da kuromiyam da molibdinam, irin su A335 P11 da P22.

Kada kuma ki ɗauka wannan lissafi ya gama zance. Matsi daga ciki kawai ya amsa. Bai san nauyin bututun da abin da ke cikinsa tsakanin maƙali da maƙali ba, bai san ramin da za a huda domin reshe ba, bai san cewa bayan gwiwa yana sirancewa idan aka lanƙwasa bututu ba, kuma bai san layin da iskar cikinsa za ta iya zuƙewa har matsin waje ya lotsa shi ba, wanda lissafinsa dabam ne gaba ɗaya.

Tambaya: Ni ke sayo kaya a kamfaninmu. Ina ganin maimakon wannan dogon lissafi, me zai hana a sayi shedul 80 a ko'ina a huta? Sannan wani dillali ya ce ba shi da marar ɗinki, amma yana da mai ɗinki a shedul ɗin da muke so, wai duk ɗaya ne.

Amsa: Malam, a ƙananan bututu kamfanoni da yawa abin da ka faɗa suke yi, kuma suna da hujja. A manya kuwa hutun yana da tsada. Mita ɗaya na inci 6 a shedul 40 kilo 28.3 ne, a shedul 80 kuma kilo 42.6, kuma da nauyi ake sayar da ƙarfe. Ƙarin nauyin yana bin maƙalai da ginshiƙan da ke ɗauke da layin, mai walda kuma zai ƙara zagaye a kowane haɗi. Ramin ya ragu daga milimita 154 zuwa 146, abin da ido ba zai damu da shi ba, amma ga ruwa mai yawa iri ɗaya asarar matsi a hanya tana ƙaruwa da kusan kashi 29 cikin 100, kuma famfo ne zai riƙa biyan wannan da wutar lantarki muddin masana'antar tana aiki.

Akwai kuma abin da ba a cika tunawa da shi ba. Ƙarfen kabon yana miƙewa da kimanin milimita 1.2 a kowace mita idan zafinsa ya ƙaru da digiri 100, wato layin mita 50 zai ƙara santimita 6. Dole wannan tsayin ya samu inda zai tafi, kuma gwiwoyi da lanƙwasar layin ne ke shanye shi. Bututu mai kauri ya fi taurin kai, ba ya lanƙwasuwa da sauƙi, sai ya tura ƙarfin zuwa bakin famfo ko na tankin da aka ɗaura shi. Ana iya ƙara kauri domin neman aminci a ƙare da famfon da ya goce daga saitinsa.

Maganar dillali kuwa, ba ɗaya ba ne. Darajar ɗinki a B31.3 ga bututun da aka naɗe aka haɗa bakinsa da wutar lantarki 0.85 ce, wanda aka haɗa a tanderu kuwa 0.60. Ka koma ga misalin bar 50 da ya gabata, inda shedul 40 marar ɗinki ya tsallake da ƙyar: da darajar 0.85 kaurin da ake bukata ya zama milimita 6.5, ya wuce 6.22 ɗin da ake da tabbacinsa. Mai ɗinki ba kayan banza ba ne, dubban kilomitoci na manyan layukan mai da gas da shi aka yi su, amma injiniyan da ya yi lissafi ne zai amince da canjin, a rubuce.

Tun da sayayya ce aikinka, ga wasu tarkuna biyu na jadawali. STD da shedul 40 abu ɗaya ne har zuwa inci 10 kawai. A inci 12 STD milimita 9.53 ne, shedul 40 kuwa 10.31, kuma daga nan STD yana tsayawa a 9.53 komai girman bututun. Haka XS da shedul 80 suna tafiya tare har inci 8, daga nan XS ya tsaya a milimita 12.7. Na biyu, harafin S da ke bin lamba a ƙarfen da ba ya tsatsa ba ado ba ne: a inci 12, 40S milimita 9.53 ne, 80S kuma 12.7, alhali shedul 80 marar S ya kai 17.48. Mafi aminci shi ne a rubuta kaurin da milimita a takardar oda kusa da lambar shedul, a kuma nemi takardar shaidar masana'anta a gwada lambar narkin da ke cikinta da wadda aka buga a jikin bututun.

Tambaya: Ni mai haɗa bututu ne. Na lura ƙananan layuka masu tiredi, irin na geji da na zubar da ruwa, su ne suka fi karyewa, kuma kullum a gindin tiredi, alhali matsin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba.

Amsa: Idonka ya gani daidai, Malam, kuma alƙaluma suna bayanka. Bututun inci 1 mai shedul 40 kaurinsa milimita 3.38 ne, bayan rangwamen masana'anta 2.96. Zurfin tiredin da ake yanka masa kusan milimita 1.8 ne, saura 1.2 ke nan a gindin tiredin tun yana sabo, kafin tsatsa ta sa baki. Idan rabonta milimita 1.5 ne, a takarda ma ba abin da ya rage. A shedul 80 ana farawa da 4.55, a shedul 160 da 6.35. Kuma kamar yadda ka ce, ba matsi ne ke karya su ba. Girgizar famfo ce, da nauyin bawul da aka rataya a ƙarshen ɗan siririn reshe yana lilo dare da rana, da ma'aikacin da ya mayar da shi matakala. Gindin tiredi kaifi gare shi, a nan tsaga take farawa. Wannan ne ya sa yawancin kamfanoni ba sa yarda da ƙasa da shedul 80 a ƙaramin bututun ƙarfen kabon mai tiredi, wasu ma sai 160, tare da gajarta reshen da ɗaure shi da jikin babban layin.

Tambaya: Bututun roba na PVC ma ana rubuta masa shedul 40. Ƙarfinsu ɗaya da na ƙarfe?

Amsa: Girmansu ne ɗaya, ƙarfi kuwa ko kusa. PVC na inci 2 mai shedul 40 an ƙayyade masa kimanin bar 19 a ruwa mai digiri 23, kuma a digiri 60 abin da ya rage bai kai rubu'in wannan ba. Kada a sa masa matsattsiyar iska, domin idan ya fashe tarwatsewa yake yi kamar kwalba.

Tambaya: Ina sashen gyara. Muna da layin inci 6 shedul 40 da ya shekara 15 yana aiki a bar 50. Bana na'urar auna kauri ta nuna milimita 5.3 a wani wuri da shekara uku da suka wuce ya nuna 6.2. Ba ya yoyo, kuma ya ci gwajin ruwa lokacin da aka girka shi. Mu canza shi ko mu bar shi?

Amsa: Gwajin ruwan da aka yi masa, wanda a B31.3 ake kai shi aƙalla ninki ɗaya da rabi na matsin zane a riƙe na minti goma ko fiye, shaida ce a kan bututun wancan lokacin, ba na yau ba. Rashin yoyo ma ba hujja ba ne, domin bututun da ya sirance a faɗin wuri ba lallai ya yi gargaɗi da ɗigo ba, yana iya yagewa gaba ɗaya.

Hanyar da API 570, ƙa'idar duba bututun da ke kan aiki, ta shimfiɗa mai sauƙi ce. A cire kaurin da ake bukata daga kaurin da aka auna, a raba da abin da ake ci a shekara. Idan ƙarfen da zafin irin na misalinmu ne, matsin bar 50 yana bukatar milimita 3.0, saura 2.3 ke nan a hannunku. Idan aka duba shekara 15 ɗin gaba ɗaya, daga 7.11 zuwa 5.3, cin bai wuce milimita 0.12 a shekara ba, wanda zai ba ku kusan shekara 19. Amma awonku biyu na baya-bayan nan suna faɗin wani labari dabam: milimita 0.9 a shekara uku, wato 0.3 a shekara, wanda bai kai ku shekara 8 ba. Ni da na biyun zan yi aiki, kuma awo na gaba kada ya wuce rabin wannan lokacin, wato ƙasa da shekara 4. Ba sai kun canza shi gobe ba, amma ruwa ba ya tsami banza. Wani abu ya sauya a cikin layin nan, ko zafi, ko saurin gudu, ko sinadarin abin da ke bi ta ciki, kuma gano shi ya fi sayen sabon bututu gaggawa. Ku fara da maimaita awon, a daidai wurin, bayan an kankare fenti da tsatsar waje an kuma saita na'urar.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne kalmar "wani wuri". A ranar 6 ga Agusta 2012 wani bututun inci 8 ya yage a matatar mai ta Richmond da ke jihar Kalifoniya a Amurka, gobara ta tashi, kuma mutane kimanin 15,000 na kewaye suka nemi magani a asibiti. An girka layin a 1976 da kaurin milimita 8.18, kuma hukumar binciken haɗurran sinadarai ta ƙasar ta gano cewa sulfa mai zafi ta cinye kusan kashi 90 cikin 100 na kaurin gutsuren da ya fashe. Ana auna layin, amma wuraren awon suna kan kayan haɗin da ƙarfensu ke da isasshen silikon, masu jinkirin ciwuwa, shi kuwa gutsuren da ya yage silikon ɗinsa kaɗan ne. Ƙa'idar A106 ta wajabta aƙalla kashi 0.10 cikin 100 na silikon, A53 kuwa, wadda ita ma ƙa'idar bututun ƙarfen kabon ce, ba ta wajabta ba. A tashar nukiliya ta Mihama da ke Japan kuma, ranar 9 ga Agusta 2004, bututun ruwan zafi mai kaurin milimita 10 ya fashe ya hallaka ma'aikata biyar. Wurin yana gaba kaɗan da farantin auna gudun ruwa, inda ruwan ke hargitsewa, ya siɗe ƙarfen har wani gefe ya koma milimita 0.4, kuma tun da aka fara aiki da bututun a 1976 ba a taɓa auna wurin ba domin ba ya cikin jerin wuraren dubawa.

Saboda haka ku faɗaɗa awon. Ku auna bayan kowace gwiwa, da gaban bawul ɗin da ke daidaita gudu, da gaban duk inda ake zuba sinadari a layin, da ƙasan bututun da ke kwance inda ruwa ke taruwa, da rassan da aka toshe waɗanda abin da ke cikinsu ba ya motsi. A kowane wuri ku ɗauki awo huɗu a kewaye, sama da ƙasa da gefe biyu. Idan layin yana da rufin tare zafi, ku buɗe shi a inda ruwan sama zai iya shiga, domin tsatsar da ke ƙarƙashin rufi ta waje take ci ba tare da an gan ta ba. Idan kuma akwai gutsuren da aka taɓa canzawa a wani gyara na baya, ku ɗauke shi a matsayin bututu dabam mai tarihinsa, ku buɗe masa nasa shafin a littafin awo.